Katifar da Ɗantani Ya Ɗinka wa 'Yar Hamidu

Ɗantani mai katifa mutumin Kiru ne, gajere, mai kaurin wuya, wanda ba ya son a yi masa magana yana zura zare a allura. Ni da tsufansa na san shi, lokacin da zaurensa yake kallon namu. Kullum yana kan buzu da basilla a hannu, audugar rimi ta maƙale masa a gira da gemu. In ka gaishe shi yana tsakiyar ɗinki, sai ya kai ƙarshen layin zai ɗago ya amsa, ko da kai ka riga ka sha kwana. Mutane suna cewa yana da riƙo. Gaskiya ne yana da shi, kuma ni dai ban taɓa ganin laifinsa ba sai a wuri ɗaya.

Sana'ar gado ce, wajen ubansa Inuwa ya koya. Katifar wancan zamani ba irin ta soso ba ce da ake sayowa yanzu. Audugar rimi ake tarawa, a cire 'ya'yan, a shanya, a kaɗa, sannan a ɗinka mata riga a cusa, a bi da basilla ana ɗaurewa wuri-wuri don kada audugar ta taru gefe guda. Rigar kuwa da saƙi ake yi, ƙyallen masaƙanmu na gida, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ɗantani yakan bi masaƙa da maɗinka riguna yana karɓar guntayen da suka rage, fari da baƙi da mai ratsi, ya jera su ya haɗa har ka rantse zana katifar aka yi.

Saƙi yana da wata baiwa da mutane ba su lura da ita ba sai da suka ga wanda ba shi da ita. Da bakinsa yake fitowa daga wajen masaƙi, hagu da dama a rufe, domin zaren kwance zuwa yake yi ya juyo, ba a yanke shi ba. Zaren kuma mata ne suka kaɗa shi da mazari, yana da murɗi da ɗan gashi-gashi, kowane sili yana riƙe da na kusa da shi. Shi ya sa baki da baki ake haɗa shi, allura ta ɗan kama gefe kaɗan, shi ke nan ya zauna har a gaji da shi. Haka Ɗantani ya tashi ya ga ana yi, kuma bai taɓa kawowa a ransa akwai yadin da za a yi wa haka ya ci amanar mutum ba.

A farkon shekarun 1950 gyaɗa ta yi daraja, manoma suka sami abin hannu, kayan kanti suka biyo su har ƙauye. A lokacin ne Hamidu ya buɗe rumfar yadi a kasuwar Kiru, yana sarowa daga Kano. Shi da Ɗantani tare suka yi wasan ƙasa, unguwarsu ɗaya. Hamidu dogo ne mai zaƙin baki, in ya warware yadi ya girgiza shi sai ka ji yana ƙara, ka ga yana ɗaukar ido. Mutanenmu kuwa sun saba da baƙin Kura, wanda aka rina aka kai mabuga aka buga har yana sheƙi, saboda haka a wurinsu duk tufar da ta yi sheƙi ta yi tauri, to mai nagarta ce. Ba su san cewa taurin wannan sitaci ne aka ɗura masa don ya toshe ramukan saƙa ba. Hamidu ya sani sarai, tunda matan gidansa ba sa ɗaura shi.

Wani manomi mai suna Ubale ya sayi irin wannan yadi a wurin Hamidu, ja da kore, ya kawo wa Ɗantani ya ce katifar zamani yake so. Ɗantani ya juya yadin, ya ji shi da tauri, ya yaba. Ya sa almakashi ya yanka, ya haɗa baki da baki yadda yake yi wa saƙi. Katifa ta fito gwanin kyau, Ubale ya ɗora a jaki ya tafi yana murna.

Damina ba ta fita ba sai ga Ubale ranar kasuwa da katifar a ka, auduga tana bin sa a baya. Ya yar da ita a gaban rumfar Hamidu ya ce a gaya masa wanda ya cuce shi, mai yadi ko mai ɗinki. Jama'a suka taru, aka aika aka kira Ɗantani. Kafin ya buɗe baki Hamidu ya riga ya ɗaga gefen katifar yana nuna wa mutane.

"Ku duba da idonku," in ji Hamidu. "A tsakiya ta yage ko a ɗinki? A ɗinki ne. Yadina daga Kano yake, manyan mutane ke sa shi. Malam Ubale, ka yi haƙuri, abokina ne, amma gaskiya ɗaya ce. Hannun Ɗantani ya mutu, ba kamar na Baba Inuwa ba."

Ɗantani ya tsaya yana kallon bakin yadin da ya tsefe, ya rasa abin cewa, domin shi kansa bai gane abin da ya faru ba. Shirun nan nasa aka ɗauka a matsayin amsa laifi. Kafin la'asar magana ta zagaye gari, masu zolaya suka laƙaba masa Ɗantani Ɓarke. Masu aurar da 'ya'ya suka koma kai aikinsu wajen wani maɗinki a Tudun Wada, duk nisan nan. Tsoho Inuwa yana kwance ba lafiya labari ya kai masa, ya kira ɗansa ya ce, "Da gaske ne abin da nake ji game da hannunka?" A shekarar ya rasu, Ɗantani bai sami amsar da zai ba shi ba.

Da wani ne, da ya bar sana'ar ya rungumi fartanya. Ɗantani ya rungumi fartanyar don dole, amma bai bar maganar ba. Ya shiga bin rumfunan teloli yana tsintar guntayen yadin kanti, ya kawo zaure ya zauna da su. Ya jiƙa gefe da yawu ya murza, ya ga farin gari ya fita, yadin da yake tsaye ya langaɓe. Ya ɗaga shi saitin rana ya ga haske yana ratsowa kamar ta rariya. Ya karta bakin da farce, zare ya biyo shi salin-alin. Da haka ya gane cewa yadin kanti ba ɗaya ba ne. Akwai akoko mai matsattsiyar saƙa, wanda ko an yanka shi kaɗan yake zarewa ya tsaya. Akwai mai santsi irin siliki, wanda zarensa ba shi da gashin da zai kama ɗan'uwansa, sulalewa kawai yake yi. Na Hamidu kuwa ya haɗa cuta biyu, ga saƙa sako-sako ga santsi, sitaci ne kaɗai yake riƙe da shi. Kuma duk yadin da almakashi ya taɓa, an buɗe masa baki ke nan, ba kamar saƙi ba.

Ya kuma gano magani. In ka bar baki mai faɗi, ka kalmasa shi sau biyu yadda bakin da aka yanka zai shige ciki, ka ɗinka can nesa da gefe, to ko mugun yadin nan zai jure shekaru. Ranar da ya gwada ya ja da ƙarfinsa bai zare ba, ya gaya mini bai yi murna ba. Baƙin ciki ne ya kama shi, don ya tabbata yadin ne ya ja masa, kuma Hamidu ya san da haka lokacin da yake ɗaga katifar Ubale a gaban jama'a. Bai gaya wa kowa abin da ya gano ba. Ya ci gaba da amsa sallamar Hamidu a masallaci, yana nomansa, yana ɗan gyaran tsofaffin katifu na waɗanda ba za su iya zuwa Tudun Wada ba.

Shekaru suka ja har kusan ƙarshen hamsinonin, sai aka sa ranar auren Hasana, babbar 'yar Hamidu, da wani saurayi ɗan Bebeji. A lokacin Hamidu ya yi ƙiba, rumfarsa ta zama kanti mai ƙyauren kwano. A al'adarmu uba ne yake yi wa 'yarsa gado da katifa, kuma idan biki ya taso abokai sukan kawo gudummawa, wadda ba a mayar wa mutum da ita sai in ana so a ce an yanke zumunci. Ta wannan ƙofa Ɗantani ya shiga. Ya jira ranar kasuwa, lokacin da kantin ya cika da masu sayayya, ya yi sallama.

"Malam Hamidu, na ji abin arziki, Allah ya sanya alheri," in ji shi. "Ni ba ni da abin hannu, ka sani. Gudummawata ita ce ni zan ɗinka katifar amarya. Na ma tanadi saƙi mai kyau. Tunda 'yarmu ce, ai ba ma yi mata da yadin da zai zare ba."

Wata mata da take riƙe da jan yadi ta ajiye shi a hankali. Hamidu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. In ya ƙi gudummawar, ya wulaƙanta abokin ƙuruciya a gaban mutane. In ya karɓi saƙin, ya yarda da bakinsa cewa abin da yake sayarwa bai isa 'yarsa ta kwanta a kai ba.

"Wane yadin ne yake zarewa, Ɗantani?" ya ce. "A kantin nan babu shi. Zaɓi wanda ka ga dama, da shi za a yi wa Hasana."

"To madalla. Amma kada saƙina ya yi asara. A yi sama da naka, ƙasa da nawa. Zare ɗaya, hannu ɗaya."

Hamidu ya ce ya yarda, don ba shi da wata mafita. Ɗantani ya nuna mai sheƙin nan, ja da kore da ruwan ɗorawa, aka yanka masa.

Bai kai aikin zaure ba. A gindin tsamiyar kasuwa ya shimfiɗa tabarma, inda kowa zai gani. Ya yayyanka yadin ƙanana-ƙanana, ya jera launi bayan launi, yadda ɗinki zai yi yawa. Sannan ya haɗa su baki da baki, dab da gefe, irin ɗinkin da ya yi wa saƙin da ke ƙasa, ba ragi ba ƙari. Kalmasar da ya sani ko sau ɗaya bai yi ba. Teloli suka riƙa barin kekunansu suna zuwa kallo, suna cewa ashe hannun nan da sauransa, don ɗinkin ya jeru daidai wa daida. Shi kuwa kansa a sunkuye, yana jan zare da wata irin natsuwa.

Da ya cusa auduga ya ɗaure da basilla, sai ya ɗauko sanda. Dukan katifa cikin aiki yake, da shi ake baje auduga, amma wannan ta sha dukan da ya fi nata. Duk sandar da ya sauke sai farin gari ya tashi daga yadin. Hamidu yana ƙofar kantinsa yana hango garin nan yana tashi, ya san mene ne. Ba shi da halin canza katifar a ɓoye, domin matan gari sun riga sun kai labarin kyanta har Bebeji, dangin ango suna jiran su gan ta.

Ranar jere aka naɗe ta aka ɗaure da igiya tamau, aka ɗora a jaki, mata suka bi da kwalla da tasoshi a ka. A Bebeji aka shimfiɗa ta a kan gado, ɗaki ya haska. Bayan an kawo amarya, dangin ango suka shigo ganin ɗaki. A gabansu akwai gwaggon ango, Baturiya, mace mai jiki wadda ba a taɓa yin biki ta rasa abin kushewa ba. Ta ƙwanƙwasa tasa, ta leƙa kwalla, sannan ta zo ga gado. Ta danna katifar da hannu, ta juya ta zauna da dukan nauyinta.

Matan da suke wurin sun ce ba ƙara aka ji ba, wani ɗan sauti ne kamar an ja numfashi. Ɗinkin da ke ƙarƙashinta ya buɗe, na kusa da shi ya bi, sai auduga ta yi sama. Audugar rimi ba ta da nauyi, in ta tashi ba ta saurin sauka. Ta cika ɗakin, ta shiga ƙwaryar fura, ta hau ɗankwalaye, masu atishawa suna yi, masu dariya suna toshe baki. Hasana tana gefe a lulluɓe, sai kuka. Baturiya ta miƙe tana kakkaɓe zane, ta sa aka juya katifar. Ƙasan yana nan garau, ko sili ɗaya bai motsa ba. Ta dawo saman ta sa yatsa ta ɗago zaren ɗinkin, ga shi lafiyayye, yadin ne ya tsefe ya zame ya bar shi.

"Zaren mai ɗinki bai tsinke ba," ta ce da ƙarfi yadda na tsakar gida za su ji. "Yadin uban amarya ne ya gudu. Ashe abin da yake sayar mana ke nan."

Kafin 'yan rakiya su komo Kiru labari ya riga su isowa. Washegari da hantsi Hamidu ya yi sallama a zauren Ɗantani, karo na farko tun ranar katifar Ubale. Bai zauna ba.

"Teloli sun ce akwai yadda ake ɗinka shi bai zare ba," ya ce. "Ka sani?"

"Na sani."

"Don me ba ka yi ba? Yarinyar nan a gabanka aka haife ta."

"Kai ma ka san yadin ne ranar da ka ce hannuna ya mutu. Don me ba ka faɗa ba?"

Hamidu ya ce dangin ango sun ce ba za a gyara ɗaki da aikin kowa ba sai na wanda ya ɗinka saƙin ƙasa. Ya roƙe shi don Allah ya rufa masa asiri. Ɗantani ya ce zai yi, amma sai an mayar masa da abinsa a inda aka karɓe shi.

Ranar kasuwa Hamidu ya tsaya a ƙofar kantinsa, ya ce wa jama'a katifar Ubale yadi ne ya ɓata ta, ba hannun Ɗantani ba, kuma shi ya sani tun a lokacin. Idonsa a ƙasa ya yi maganar. Ɗantani yana tsaye a gefe da hannu a baya, ya bari ya gama tukuna ya ce, "Na can baya ba su ji ba, Malam Hamidu. Ƙara ɗaga murya." Hamidu ya maimaita. Ni ban ji tausayinsa ba ko da aka ba ni labarin, kuma har yau ban ji ba. Mutumin da ya sayar da sunan abokinsa don ya kare tsummansa, kaɗan ya gani. Kantin bai ƙara shekara ba ya rufe, Hamidu ya tattara ya koma Doguwa yana sayar da gishiri da kanwa ga Fulani.

Aiki ya dawo wa Ɗantani fiye da da. Daga Bebeji, daga Burumburum, har daga Tudun Wadar da ake tsallake shi a je, ana kawo masa. Sunan Ɓarke ya mutu, aka koma cewa Malam Ɗantani. Amma kafin ya taɓa aikin kowa sai da ya cika alkawari. Ya zaɓi saƙi mafi kyau, ya tace auduga da hannunsa, ya ɗinka wa Hasana katifar da shi da bakinsa ya ce bai taɓa yin irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Ya ɗora a jaki ya aika Bebeji.

Jakin ya dawo da ita a ɗaure yadda ta tafi. Hasana ta ce a gaya masa ta gode, tabarma ta ishe ta. A lokacin matan Bebeji sun riga sun sa mata Amarya Rimi, kuma da sunan ta tsufa, har jikokinta suna jin ana kiran ta da shi. Ba ta ƙara taka unguwarsu a Kiru ba, in ta zo gari ta hango Ɗantani sai ta canza hanya. Katifar kuwa ya jingine ta a lungun zaure, bai sayar ba, bai kwanta a kai ba, ga ta nan har na girma na gan ta.

Wata rana da ya tsufa sosai, ido ya fara gazawa, ina zura masa zare, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ita Hasana fa? Ba ka taɓa jin da ma ka kalmasa bakin yadin nan ba?"

Sai ya ce, "Yarinyar ba ta yi mini komai ba. Ina ɗinkin nan ina tuna ranar sunanta, ni na riƙe ragon aka yanka. Na san a kanta abin zai fashe." Ya miƙo hannu ya karɓi allurar. "Kuma da za a maido ni gindin tsamiyar nan, haka zan sake ɗinka ta."